Yadda Ake Ƙara wa Kwamfutar Tebur RAM

Kafin ka nufi kasuwa, fara sanin irin RAM ɗin da ke cikin kwamfutarka, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da take riƙe abin da kake aiki a kai. Manhajar CPU-Z kyauta ce, za ta nuna maka ko DDR3 ne, ko DDR4, ko wani iri. Kada ka tsallake wannan, domin ba sa shiga ramin juna: 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoransu ba wuri ɗaya take ba. Ka ce wa mai shago na kwamfutar tebur kake so, don na laftop gajere ne. In na hannu ne, a gwada a gabanka.

Da ka dawo gida, kashe kwamfutar, zare wayar wuta, ka buɗe murfin gefe. Taɓa ƙarfen akwatin tukuna, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara lantarki.

Nemo ramin RAM da babu komai a ciki, kusa da RAM ɗin da ke kwamfutar, ka buɗe 'yan maƙallan da ke bakinsa. Riƙe RAM ɗin ta gefe, ban da taɓa haƙoran nan masu ruwan zinare. Daidaita tsagar da ɗan tudun da ke cikin ramin, ka danna da manyan yatsu biyu har ka ji ƙas! Yana son ɗan ƙarfi, amma in ya ƙi, duba ko juya shi ka yi.

Kunna ta. In allo ya tsaya baƙi, yawanci bai zauna daram ba ne. Zare wuta ka sake dannawa.