Yadda Ake Horar da Masu Rubuta Manhaja Kan Haɗa Manhajojin Kasuwanci da ESB

Kamfanin da ke da manhajoji 10, idan aka ce kowace sai ta yi magana da sauran kai tsaye, zai iya buƙatar haɗi har 45, kuma duk ranar da aka sauya ɗaya daga cikinsu sai an bi sauran tara an gyara. ESB (Enterprise Service Bus) manhaja ce da ake sanyawa a tsakiya, ta karɓi saƙo daga wannan, ta sauya masa siga, ta miƙa wa waccan, don haka haɗin ya dawo 10 kacal. Da wannan lissafi ya kamata mai horarwa ya buɗe darasi, domin wanda bai san ciwon ba, ba zai ga amfanin maganin ba.

Kafin a fara, a tabbatar ɗaliban sun san yaren rubuta manhaja na Java, sun saba da JSON da XML, wato sigogin tsara bayanan saƙo, kuma sun fahimci yadda HTTP, ƙa'idar aika saƙo a intanet, ke aiki. Daga nan a zaɓi kayan aiki guda ɗaya a tsaya a kansa. Akwai Mule na kamfanin MuleSoft, wanda Salesforce ya saya a 2018, akwai na WSO2, akwai kuma Apache Camel da aka fara fitarwa a 2007. A ganina Camel ya fi dacewa da aji, saboda kyauta ne, kuma ɗalibi yana rubuta hanyar saƙon da hannunsa, yana ganin abin da ke faruwa a kowane mataki.

A gina horon gaba ɗaya kan aiki guda: an sayar da kaya, dole labarin ya isa ga manhajar sito da ta sashen kuɗi. Da farko ɗalibi ya karɓi odar a sigar JSON ta hanyar REST, wato salon da manhajoji ke magana da juna ta HTTP, ya mayar da ita XML domin tsohuwar manhajar kuɗi da ba ta jin komai sai SOAP, tsohon salo mai amfani da XML. Sai ya koyi raba hanya bisa abin da saƙon ya ƙunsa, odar wannan reshe ta tafi sitonsa, ta wancan ta tafi nasa. Wannan ɓangare ba ya da wuya, bai kamata ya cinye lokaci ba.

Inda horon yake da gaske shi ne lokacin da abubuwa suka lalace. Mai horarwa ya kashe manhajar kuɗi da gangan ana tsakiyar aika oda, sannan ya tambayi ɗaliban ina saƙon ya shiga. Wanda bai sanya layin jira irin na ActiveMQ ko RabbitMQ a tsakani ba, zai tarar odarsa ta ɓace. Bayan haka su koyi sake aikawa, ana ƙara tazarar jira bayan kowane yunƙuri don kada a danne manhajar da ke ƙoƙarin farfaɗowa, tare da keɓe wani layi na musamman da saƙon da ya ƙi wucewa zai faɗa har mutum ya duba shi. Sake aikawa kuwa yana haifar da tasa matsalar: idan saƙo ya isa amma amsar ta ɓace a hanya, za a aika shi karo na biyu, a caji mai saye sau biyu. Maganinta shi ne kowane saƙo ya zo da lambarsa, mai karɓa ya riƙa ajiye lambobin da ya gani, ya yi watsi da maimaici. Camel yana da waɗannan dabaru a shirye, amma a bar ɗaliban su ga ɓarnar da idonsu kafin a nuna musu.

Akwai ɗabi'ar da ya kamata a hana tun da wuri, wato tura dokokin kasuwanci cikin ESB. Lissafin rangwame ko haraji aikin manhajar ciniki ne; idan aka jibge shi a tsakiya, kowane ƙaramin gyara sai ya taɓa kowa. Haka nan kalmomin sirri ba a rubuta su cikin rubutun manhajar (code), kuma kowace hanya a ajiye ta a Git, ma'ajiyar da ke bin sawun kowane gyara, tare da gwajinta.

Jarrabawar ƙarshe ta zama ta aiki: a ba kowane ɗalibi hanyar da wani ya rubuta wadda aka ɓata da gangan, a ba shi lambar oda ɗaya da ta maƙale, ya bi sawunta cikin bayanan da manhajojin uku, ta ciniki da ta sito da ta kuɗi, suka ajiye har ya nuna inda ta tsaya da dalilin tsayuwarta.