Yadda za ka koya wa yaranka tarihin mutanen zamanin da a cikin birnin Kano

Jama'a in yaronka yana ta haddar tsohuwar Masar don jarrabawa amma ka lura ba abin da ya zauna masa a kai, ɗauke shi ranar Asabar ku shiga cikin gari. Ni haka na yi da nawa kuma wallahi na ga amfaninsa.

Ku fara da Dutsen Dala, da sassafe tun rana ba ta yi zafi ba, ku riƙe ruwan sha. In kun hau sama kar ka yi saurin ba shi labarin Barbushe da Tsumburbura, bari ya gama kallon gari tukun, sai ka tambaye shi, me ya sa mutane suka zauna a nan? Ka ƙyale shi ya yi ta lalube. Amsar tana gabansa, akwai tama a dutsen wadda maƙera suka riƙa narkawa su sami ƙarfe tun wajen ƙarni na 7, ga ruwan Jakara kusa, ga tudu da za a hango maƙiyi tun daga nesa, kuma da ƙarfe ya samu sai fartanya ta samu, noma ya yalwata, hatsi ya yi rara har wani ya bar gona ya koma ƙira ko saƙa ana biyansa da dawa. To a nan ne za ka kawo masa Masar, ka ce su ma kogin Nilu ne ya tara su, mutanen Iraƙi na da kuma Dijla da Furat. Ƙaramata da ta ji dalar Giza da ke Masar ta kai shekara 4,500 sai ta dubi ƙasan ƙafarta ta ce "Baba, ita ma Dala ce sunanta?"

Daga nan ku tari adaidaita zuwa Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihi, a hanya ka nuna masa ragowar ganuwa da aka soma zamanin Sarki Gijimasu, wajen 1095 zuwa 1134. Abin yana min ciwo yadda gine-gine ke cinye ta, ka nuna masa tun tana nan.

Marinar Ƙofar Mata kuwa ku ɗan daɗe. Ku yi sallama, ku nemi izini kafin hoto, yaron ya ga yadda ake haɗa baba da toka a rami, ya kalli hannun marini da ya rine shuɗi har farce. Kayan irin wannan rami ne fatake ke saye a kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, su ɗora wa raƙuma a ƙetara Sahara.

In kun koma gida ka samo yumɓu da tsinke, ka ce ya rubuta lissafin awaki biyar da buhu uku ba da haruffa ba, a shanya a rana. Haka Sumeriyawa, mutanen kudancin Iraƙi na da, suka soma rubutu sama da shekara 5,000 da suka wuce, da lissafin hatsi da dabbobi. Wanda ɗana ya rubuta har yanzu yana kan taga, kusurwa ɗaya ta ɓalle.