Yadda ikkilisiya za ta ajiye baikon kaka har lokacin da aka fi bukatarsa

Hatsin da ake kawowa ranar godiyar kaka, a Oktoba ko Nuwamba, yakan zo ne lokacin da kowa ke da na tuwo. Yunwa kuwa sai Yuni zuwa Agusta take shiga gidajen Damagaram, rumbu ya ƙare, tiya ta hau a kasuwar Dole. Ikkilisiyar da ta rabe baikon a makon da aka kawo shi ta yi alheri, amma ta yi shi da wuri.

A fara da mutane kafin hatsi. Manzanni ma mutum bakwai suka ware domin rabon abinci ga gwauraye (Ayyukan Manzanni 6). Ƙaramar ikkilisiya uku sun ishe ta: dattijo ɗaya, matashi mai iya lissafi, da mace daga zumuntar mata, don mata ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Kwado biyu a ƙofar ɗakin ajiya, mabuɗan a hannu daban-daban. Fasto ya fi kyau ya tsame hannunsa, ya huta da tsegumi.

A auna komai da tiya ɗaya tak, a rubuta. Tiyar hatsi wajen kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40 ke nan.

Wajen ajiya ne aka fi yin asara. Hatsi a zangarniya ya fi daɗewa. In sussukakke ne, a ciza ƙwaya: ta fashe ƙas, ya bushe, ta lotsa, a mayar da shi rana, in ba haka ba ya yi fumfuna. Buhuna su hau katako, a janye su daga bango saboda gara da lema. Wake ne mai rigima, ƙwari na iya huda shi kaf cikin ƴan watanni. A zuba shi a buhun PICS mai ninki uku, wato leda biyu a cikin buhu, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin numfashi. Ɓera ya huda ledar, aikin ya lalace, sai a sauya buhu. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu guba ce mai kisa, kada ta shiga ɗakin da ake kwana.

In rabo ya zo, a ba da kaɗan-kaɗan. Gida mai mutum shida yakan ci sama da tiya ɗaya a rana, don haka tiya 15 duk mako biyu ta fi buhu guda a lokaci ɗaya, wanda masu bin bashi da dangi za su yi wa caa. A kai da magariba, a ce: "Mama, ga saƙo daga ƴan'uwa." Ba kiran suna daga bagade, ba hoto a Facebook, Matiyu 6:3 ta riga ta hana hagu sanin abin da dama ta bayar. Maƙwabciya Musulma mai marayu ta shiga lissafi, kuma kada a ɗaura wa kyautar sharaɗin zuwa sujada.

Iri kam a ware shi tun farko, a ba manoma kafin ruwan shuka, a faɗa musu a fili ko kyauta ce ko rance. In rance ne, tiya ta dawo tiya da kaka, ba ƙari.