Kafin Ka Kwashe Iyali Zuwa Wata Jiha a Amurka, Je Ka Duba Garin Kamar Mai Sayen Gona

A makon jiya ina zaune a zaure bayan sallar isha'i, a garinmu da ke ƙasar Auyo, sai ɗan yayana ya kira ni daga Niyok. Bayan mun gaisa ya ce, "Baffa, na sami aiki a Hustan, kuma ina so in kwashe iyali mu koma can. Zan je in kwana biyu a gidan wani abokina in ga gari." Shekararsa biyu kacal a Amurka, yana da mata da 'ya'ya uku. Na ce masa kwana biyu a gidan aboki baƙunta ce, kuma mai masauki, saboda karamci, abin da ya fi kyau a garinsa zai nuna masa. Ni kaina na yi irin wannan ƙaura a 2016, daga unguwar Buronks ta Niyok zuwa Hustan da ke jihar Teksas, kafin in dawo gida, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na faɗa masa domin sauran yaranmu da suka sauka a ƙasar ba da daɗewa ba.

A ƙasar Haɗeja babu manomi mai hankali da zai sayi gona da rani bisa maganar mai sayarwa. Yakan jira damina ta yi nisa, ya taka gonar da ƙafarsa a watan Agusta, ya ga inda ruwa ke kwanciya, sannan ya tambayi maƙwabtan gona ko kogi yana hawowa har can. Haka ya kamata a duba sabon gari, musamman da yake daga Niyok zuwa Hustan kimanin kilomita 2,600 ne, wato tafiyar Kano zuwa Legas sau biyu da rabi, kuma kowace jiha tana da harajinta, da lasisin tuƙinta, da tsarin makarantunta, da dokokin hayarta. Wanda ya yi kuskure a irin wannan nisa ba zai iya ɗaure kayansa ya juyo cikin sauƙi ba.

Kuskurena na farko shi ne lokacin da na zaɓa. Na je a watan Maris, iska na kaɗawa, gari ya yi daɗi, na kama haya a hawa na ƙasa saboda sauƙin kuɗinsa. Hustan ta ainihi tana bayyana ne a Yuli da Agusta, lokacin da zafi ke haɗuwa da gumi mai nauyi, wanda ya bambanta da busasshen zafinmu na bazara, har na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa aiki dare da rana, kuɗin lantarki ya hau. Daga Yuni zuwa Nuwamba kuma lokacin guguwar teku ne. A Agustan 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwa kwana da kwanaki, ya shiga ɗakinmu, ya lalata katifu da takardu da motar da nake zuwa aiki da ita, ni da na taso ina ganin ambaliya a fadamarmu amma ban tambayi kowa komai ba. Saboda haka a saka adireshin gidan a taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, a duba gindin bango ko akwai alamar sabon gyara, a tsayar da maƙwabcin da ya daɗe a wurin a tambaye shi. Tun daga Janairun 2022 dokar Teksas ta wajabta wa mai gida ya sanar da ɗan haya a rubuce idan ya san gidan yana yankin ambaliya, ko ruwa ya shige shi cikin shekara biyar da suka wuce, don haka a nemi wannan takarda kafin sa hannu. Inshorar 'yan haya da aka saba saya ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi wata daban. Wanda kuma ya nufi jihar Minisota mai tsananin sanyi, to ya je a Janairu, ya tsaya a tashar bas da asuba, ya ji ko shi da yaransa za su iya.

Ziyarar ta ɗauki aƙalla kwana biyar, kuma ta haɗa da ranakun aiki da Juma'a. A ɗauki hayar mota, a tashi da ƙarfe bakwai na safe daga unguwar da ake so zuwa wurin aikin, a ga tsawon lokacin da cunkoso zai ci da kuma kuɗin hanyoyin da ake biya, sannan a koma unguwar bayan magariba a ga su wa ke zama a waje.

Abin da na fi nanata wa ɗan yayana shi ne ya tafi da matarsa. A Buronks tana iya fita da ƙafa ta je kanti, ta kai yaro asibiti, ta shiga jirgin ƙasa da ke aiki dare da rana, ta gamu da Hausawan Gana da na Nijar a masallaci su gaisa da harshen gida. Hustan gari ne da ya baje, babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma kusan komai sai da mota. Matar da ta taso a babban gida, tsakanin faccaloli da surukai da yaran maƙwabta masu shigowa ba sallama, idan aka ajiye ta a ɗaki a unguwar da ba ta san kowa ba, ba ta tuƙi, miji ya fita tun asuba ya dawo da dare, kaɗaici zai iya zame mata ciwo, kuma na ga gidajen da wannan ya girgiza. Idan ta je da kanta za ta lura da abin da namiji ba zai gani ba: ko akwai injin wanki a ɗakin, ko akwai inda yara za su yi wasa tana hango su, ko akwai mace ko ɗaya da za ta iya kira idan naƙuda ko zazzaɓi ya taso. Kuɗin koya mata tuƙi da na mota ta biyu su shiga lissafi tun yanzu.

A Amurka adireshin gida ne yawanci ke yanke makarantar gwamnati da yaro zai shiga, har ta kai gidaje biyu da titi ɗaya ya raba su na iya faɗawa makarantu dabam. A fara zaɓen makaranta, sannan a nemi gida a yankinta. A shiga ofishin makarantar a tambayi ko suna da darasin Turanci ga sababbin zuwa, da yadda suke yi da abincin yaran Musulmi, da takardun da suke buƙata, waɗanda galibi takardar haihuwa ce da katin riga-kafi da shaidar zama a gidan. Makarantun Teksas suna komawa a watan Agusta, na Niyok sai Satumba, shi ya sa ƙaura a Yuni ko Yuli ta fi sauƙi ga yara.

Ranar Juma'a a yi salla a masallacin da ya fi kusa, a tsaya a gaisa da liman. Ƙungiyar Musulmin Hustan, wato ISGH, tana kula da masallatai da dama a Hustan, kuma bayan tambayar Islamiyyar yara da inda ake samun naman halal, a tambayi tsarin jana'iza da maƙabarta, domin baƙon da rasuwa ta riska bai san kowa ba yana shiga tsaka mai wuya. Shagunan kayan abincin Afirka suna da yawa a kudu maso yammacin garin, wajen titin Bissonnet, sai dai yawancin 'yan Najeriya da ke can mutanen kudu ne, don haka kuka da daddawa da gero sai an yi cigiya.

Za a yi ta gaya maka cewa Teksas ba ta karɓar harajin jiha a kan albashi, kuma gaskiya ne, amma ka rubuta kuɗin mota da inshorarta da mai da lantarki a gefe guda, ka ƙara abin da kake aikowa gida na taki da na azumi, kafin ka ce an sami sauƙi. Tallafin lafiya na Medicaid ba ya bin mutum daga jiha zuwa jiha, sai an sake nema, kuma sharuɗɗan Teksas ga manya sun fi na Niyok tsauri ƙwarai. Masu gidaje sukan so albashi ya ninka kuɗin haya sau uku, kuma yayin da Niyok ta taƙaita kuɗin ajiya a hayar wata ɗaya, Teksas ba ta sa iyaka ba. Kada a aika ko sisi ga wanda ya tallata gida a intanet sai an shiga ɗakin da ƙafa, kuma kada a ajiye tsohon aiki sai takardar sabon ta zo hannu.

Kafin tashi a sabunta fasfo tun ana kusa da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya na Niyok. Bayan sauka, wanda ba ɗan ƙasa ba dole ne ya sanar da hukumar shige da fice ta USCIS sabon adireshinsa cikin kwana 10 ta fom ɗin AR-11, ya yi wa mota rajista a Teksas cikin kwana 30, ya canza lasisin tuƙi cikin kwana 90.

Jiya ya sake kira, ya ce sun ɗaga tafiyar zuwa Agusta, shi da matarsa, yaran za su zauna a gidan wata maƙwabciyarsu 'yar Damagaram. Na ce masa ya sanar da mahaifiyarsa tun yanzu cewa tazarar agogo tsakaninmu za ta ƙaru da awa ɗaya idan sun koma, domin ta saba kiransa da zarar ta idar da sallar la'asar.