Yadda Ake Zagayen Shagunan Littattafai Da Ƙafa

An sha tambayata yadda mutum zai zagaya ƙananan shagunan littattafai na gari a rana guda. Ga matakan.

1. Buɗe Google Maps, ka nemo shaguna masu zaman kansu, ba rassan manyan kamfanoni ba.

2. Zaɓi uku ko huɗu da ke kusa da juna.

3. Buga waya ka tabbatar da lokacin buɗewa.
Hattara: nan aka fi yin kuskure. Irin waɗannan shaguna sau da yawa mutum ɗaya ke tsaronsu, in ya fita sai ka tarar da kwaɗo a ƙofa.

4. Sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi.

5. Ɗauki jakar goyo.

6. Fara da shago mafi nisa, kana dawowa kana matsowa gida, saboda littafi nauyi gare shi.

7. Gaida mai shago, ka faɗa masa abin da kake son karantawa. A ganina wannan ne zuciyar tafiyar. Ya san kayansa ciki da bai, har wanda bai jera ba.

8. Durƙusa ka duba kantar ƙasa da kwalayen bakin ƙofa.

9. In tsohon littafi ne, bi shafukansa ɗaya bayan ɗaya.
Kula: duba ɗinkinsa, da tabon danshi, da cin gara, musamman shafukan ƙarshe.

10. Sayi ko da guda ɗaya ne, amma kada kuɗinka su ƙare a shagon farko.

11. Kafin ka fita, tambaye shi wane shago zai tura ka.