Yadda ƙungiya za ta nemi tallafin kula da lafiyar tsofaffi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60 ko ya haura, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 domin tsufa cikin ƙoshin lafiya. Kusan kowace takardar neman tallafi da waɗannan alƙaluman take farawa, har masu tantancewa sun haddace su. Abin da suke lalube a takardarku daban ne: su wa aka bari a baya a inda kuke aiki, su nawa ne, kuma me ya tare musu hanya.

Kafin ku rubuta komai, ku karanta sanarwar tallafin daga farko har ƙarshe, ku fara da sharuɗɗan cancanta. Galibi ana neman takardar rajista, asusun banki da sunan ƙungiya mai masu sa hannu biyu, sunayen kwamitin amintattu, da rahoton binciken kuɗi na shekara ɗaya ko biyu. In kuɗin gwamnatin Amurka ne, sai kun yi rajista a SAM.gov, shafinta na rajistar masu neman tallafi, kuma hakan kan ci makonni. Ƙungiyar da ba ta cika sharuɗɗa ba tana iya shiga ƙarƙashin wata babba da za ta riƙe kuɗin, amma a rubuta yarjejeniya tun da wuri: kason kowa, da wanda zai rubuta rahoto.

Sai binciken buƙata, wanda a nan ne takarda ke tsayawa ko ta faɗi. Kada ku ƙirga tsofaffin da kuka tarar a layin asibiti, domin su sun riga sun iso. Wanda aka bari a baya, wanda shi kuke nema, yana kwance a ɗaki, ƙafa ta ƙi, ko babu kuɗin mota, ko babu mai rako. Gida-gida za ku bi. Tsarin ICOPE, wato tsarin duba lafiyar tsofaffi na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana duba abu shida: tunani, motsi, cin abinci, gani, ji, da alamun damuwa, kuma ɗan sa-kai da aka horar zai iya yin gwajin farko. Na motsi, alal misali, shi ne dattijo ya tashi daga kujera ya zauna sau biyar cikin daƙiƙa 14 ba tare da ya dafa ba. Na abinci kuwa, a tambaya ko ya rage sama da kilo 3 cikin wata uku ba da niyya ba, ko cin abincinsa ya ragu. Ku haɗa da awon hawan jini. A nemi yardar kowa kafin a fara, kuma kada sunan kowa ya shiga takardar neman tallafi.

Da kun tattara, ku rarraba sakamakon: maza da mata, 'yan 60 zuwa 69, 70 zuwa 79, da 80 zuwa sama, masu zama su kaɗai, masu nakasa, da nisan gida daga asibiti. Jimla ɗaya ɓoye bambanci take yi. In ya fito cewa tsofaffin mata masu zama su kaɗai ne suka fi daɗewa ba a auna musu jini ba, to kun sami zuciyar takardarku, kuma duk abin da za ku rubuta daga nan ya koma kansu.

Wajen manufa, kuskuren da ya fi yawa shi ne lissafa taruka. "Za mu yi taron wayar da kai sau 10" aiki ne, ba sakamako ba. A rubuta kamar haka: cikin wata 12 za mu auna tsofaffi 600, duk wanda awonsa ya kai 140/90 za a sake auna shi wata rana, in ya tabbata a kai shi asibiti cikin mako biyu, sannan a wata na shida a ƙirga nawa ne jininsu ya sauka. Manufa biyu ko uku sun isa. Kuma kada ku yi alkawarin gwaji alhali ba ku da inda za ku tura wanda aka gano yana da cuta. Ka gaya wa tsohuwa tana da yanar ido sannan ka tafi ka bar ta, ka ƙara mata damuwa ne kawai. Ku samo wasiƙar amincewa daga asibitin da zai karɓi mutanenku, ku haɗa ta da takardar.

Kasafin kuɗi ya zama madubin aikin. Kowane layi ya nuna farashin ɗaya, sau nawa, na wata nawa, kuma duk aikin da aka ambata a rubutu ya sami layinsa. Abubuwan da ake mantawa su ne suke kashe aiki a tsakiya: kuɗin motar dattijo da na mai rakiyarsa, batir, ɗamarar na'urar awon jini mai girma daban-daban (ƙarama a kan babban hannu tana ba da awo sama da gaskiya), tsinken gwajin suga da ke da ranar lalacewa, da alawus na 'yan sa-kai. Na'urar ƙara ji ba a raba ta a tafi. Tana son daidaitawa, batir da bibiya, in ba haka ba a akwati za ta ƙare. Ku ware kashi 5 zuwa 10 cikin 100 domin sa ido da auna sakamako. Kuɗin gudanar da ofis kuwa, masu tallafi da yawa suna tsayar da shi tsakanin kashi 10 zuwa 15, don haka ku duba iyakar da aka sa. In da kuɗin waje za a biya, ku rubuta farashin canjin da kuka yi lissafi da shi da ranarsa.

Za a tambaye ku me zai faru in kuɗin ya ƙare. "Za mu nemi wani tallafin" ba amsa ba ce. Ku nuna abin da zai zauna: ma'aikatan da aka horar, kayan aikin da za a miƙa wa asibiti, da kwamitin da tsofaffin da kansu suke ciki suna da ta cewa.

Ku tura takarda kwana biyu kafin wa'adi, ku duba da agogon wace ƙasa aka sa lokacin rufewa, domin shafukan karɓa kan cushe a ranar ƙarshe. In an ba ku, kuɗin kan zo kashi-kashi, kuma ba a sakin na gaba sai rahoton na baya ya shiga da rasit ɗinsa. Kada ku ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani sai da izini a rubuce, don abin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba ana iya cewa ku mayar. In ba a ba ku ba, ku rubuta ku nemi bayanan masu tantancewa, ku ajiye alƙalumanku, ku sabunta su kafin sanarwa ta gaba.