Babi na 6: Murar Alaji da Yadda Ake Fesa Magani a Hanci

Darasi na 1: Abin da ke faruwa cikin hanci

Ku karanta a hankali. Wanda bai gane ba ya koma farkon layi, ba abin kunya ba ne.

Murar ƙwayar cuta takan zo da ciwon jiki, wani lokaci da zazzaɓi, ta wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Murar alaji daban take: atishawa a jere, majina mai ruwa-ruwa, ƙaiƙayin hanci da ido, ba zazzaɓi. Takan dawo duk sanda mutum ya shaƙi abin da jikinsa ya ƙi, irin su ƙurar ɗaki, ƙurar furanni, gashin kyanwa, fumfuna ko dattin kyankyaso.

Waɗannan abubuwa ba guba ba ne. Garkuwar jiki ce ke kuskure, kamar mai gadin da ke ihun ɓarawo don ya ga baƙo. A fatar cikin hanci akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira mast, cike da sinadarai. Da ƙurar ta taɓa su, sai su zubar da abin da ke cikinsu. Na gaba-gaba shi ne histamin. Ku faɗa da ƙarfi: his-ta-min. Shi ke tsokanar jijiyar hanci a yi atishawa da ƙaiƙayi, shi ke sa majina zuba, shi ke buɗe hanyoyin jini har fatar ta kumbura. Duk cikin 'yan mintuna.

Ba a nan ta tsaya ba. Akwai wasu sinadaran, lukotirin da furostagilandin, masu ƙara kumburi. Bayan awa 4 zuwa 8 wasu fararen ƙwayoyin jini sukan taru a wurin, hanci ya toshe. Shi ya sa wanda ya kakkaɓe katifa da rana yake kwana da baki buɗe.

Darasi na 2: Kowane magani da aikinsa

Ƙwayar cetirizine ko loratadine tana hana histamin aiki ne. Babba yakan sha miligiram 10 sau ɗaya a rana. Tana kwantar da atishawa da ƙaiƙayi, amma ba ta cika buɗe toshewa ba, domin sauran sinadaran na nan suna aikinsu. Chlorpheniramine ma irin wannan magani ne, amma yana sa barci, kada a sha shi a yi tuƙi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoxicillin, ba ruwansa da alaji. Babu ƙwayar cutar da zai kashe.

Maganin fesawa mai siteroyid, kamar fluticasone, mometasone ko beclometasone, shi ke rage kumburin gaba ɗaya. Sai dai yana buƙatar kwanaki kafin a ji sauƙi, cikar aikinsa kan kai mako 2. Kullum ake fesawa, ko da hanci ya lafa.

Darasi na 3: Fesawa

Ku girgiza kwalbar. In sabuwa ce, ku fesa a iska har feshin ya fito sosai. Ku fyace hanci a hankali. Ku sunkuyar da kai kaɗan, idonku na kallon yatsun ƙafa. Kada ku ɗaga kai sama.

Ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Ku sa yatsa biyu ku taɓa bangon da ya raba kafofin hancinku. Kun ji shi? Wannan bangon ba a fesa masa magani. Fatarsa siririya ce, cike da ƙananan hanyoyin jini. In feshi na dukansa kullum, sai ya bushe, ya yi miki, haɓo ya biyo baya. Kumburin kuwa yana ɗaya gefen cikin hancin, ta wajen kunne. Don haka bakin kwalba ya kalli kunnen da ke wannan gefen.

Dabarar ita ce sauya hannu. Hannun dama ya fesa wa kafar hagu. Hannun hagu ya fesa wa kafar dama. Da kansa bakin kwalbar zai karkata waje. Ku gwada da murfin biro a bakin hanci, ba tare da kun tura shi ciki ba. Dama, kafar hagu, a nufi kunne. Madalla. Hagu, kafar dama, a nufi kunne. Hannun hagu zai yi muku nauyi da farko, zai saba.

Ku danna, ku ja numfashi a hankali, ku fitar ta baki. In kun ji ɗaci a maƙogwaro, kun zuƙa da ƙarfi, maganin ya wuce wurin aikinsa. Yawan feshi kuwa, ku bi abin da likita ya rubuta.

Mu sake. Ina bakin kwalba ke kallo? Kunne. Wane hannu ne na kafar hagu? Dama. An faɗa, an maimaita, amma gobe wani zai ɗaga kai sama, ya cusa kwalba tsakiya, ya zuƙa har ya ƙware, bayan kwana 3 ya ce magani ba ya aiki. Haba jama'a! Ba laifin magani ba ne. A nufi kunne.

Darasi na 4: Feshin buɗe hanci nan take

Oxymetazoline da xylometazoline na matse hanyoyin jini, hanci ya buɗe cikin mintuna. Kada a wuce kwana 5 ana fesawa. In an zarce, toshewar kan dawo fiye da da.

Darasi na 5: Ruwan gishiri

A tafasa ruwa rabin lita, ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya. A wanke hanci da shi kafin a fesa magani.

Darasi na 6: Zuwa asibiti

Numfashi mai fito, nauyin ƙirji, haɓon da ya ƙi tsayawa, ko toshewar kafar hanci ɗaya tak: a ga likita. Mai ciki da ƙaramin yaro kada su fara magani sai an duba su.